Yadda A Ke Wasan Roka A Amurka

Ko wace ƙasa da irin abin da mutanenta su ke yi don sha'awa kawai, ba don neman abinci ba. A nan wajenmu akwai masu kiwon tattabaru. Mutum ya kashe kuɗinsa ya sayi masu tsada, ba don ya ci ba, sai don ya tashe su da la'asar ya tsaya yana kallo. Akwai masu dara, akwai masu sukuwa. Yaranmu kuma su kan sami kara da totuwa su ƙera mota, har da direba a ciki. To, a ƙasar Amurka akwai wani wasa da yara da manya su ke yi tun 1957. Su kan ƙera 'yar ƙaramar roka ta kwali, su tafi fili su harba ta sama, ta sauko da laima, su ɗauka su sake harbawa.

Kafin mu shiga labarin, ku dubi kalmar da kyau. Roka ce, da k mara lanƙwasa. In kun lanƙwasa kanta ta zama roƙa, kamar roƙon almajiri, magana ta ɓaci ke nan. Jam'inta rokoki. Yawancinmu a rediyo muka san sunan, cikin labarin yaƙi ko na masu zuwa duniyar wata. Wadda mu ke magana a kanta ba makami ba ce. Ƙananan cikinsu ba su fi kamu ɗaya tsawo ba, nauyinsu kuwa kamar na ƙwan kaza.

Abin Da Ke Tura Roka

Duk wanda ya taɓa ganin 'yan bindiga ranar hawan salla ya ga yadda bindigar toka ta ke yi. Da ta tashi, hayaƙi ya yi gaba, gindin bindiga ya doki mai harbi. Haka kuma in mutum ya yi tsalle daga kwalekwale zuwa gaɓa, kwalekwalen ya kan ja da baya. Ko balan-balan na yara, a hura shi a saki bakin, iska ta fita ta baya, shi kuwa ya yi gaba a guje. Duk abu ɗaya ne. Wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya rubuta ƙa'idar abin a 1687, watau duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka.

Roka ba ta da wata dabara da ta wuce wannan. A cikinta akwai abin ƙonawa. In ya kama wuta sai ya zama hayaƙi mai zafi, mai yawan gaske, wurin ya yi masa kaɗan. Ba shi da hanyar fita sai wata 'yar huda a gindi. Sai ya tsarto ta nan da gudu, roka kuwa ta yi sama. Da gangan aka matse hudar. In ka cika bakinka da ruwa ka matse leɓe, ai ruwan ya fi tafiya nesa.

Mutane da yawa suna tsammani hayaƙin yana dafa ƙasa ne, ko yana dafa iska, sa'an nan ya ɗaga roka. Ba haka ba ne. Fitar hayaƙin ita kaɗai ke tura ta. Can sama ƙwarai, inda babu iska ko kaɗan, ta fi ma jin daɗin tafiya, don ba abin da ke tare ta. Za ku ce, ai wuta ba ta ci sai da iska, in aka kife ƙwarya a kan fitila mutuwa ta ke yi. Gaskiya ne. Amma albarushi yana ɗauke da abin da wuta ke nema daga iska a cikin jikinsa. Shi ya sa roka ta ke zuwa inda jirgin sama ba ya iya zuwa. Shi ya sa kuma in albarushi ya kama, rufe shi ba ya kashe shi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara yin albarushi, shekaru fiye da 1,000 da suka wuce, su ne kuma suka fara ɗaura shi a jikin kibiya. Roka irin ta zamani kuwa, mai shan mai, wani malamin jami'a ɗan Amurka, Robert Goddard, shi ya fara harba ta, ran 16 ga Maris, 1926, a wata gona. Ta tashi ƙafa 41 kacal, ta faɗo bayan sakan biyu da rabi. Sakan 60 ne minti ɗaya. Yau rokar kwali ta ɗan makaranta ta kan haura ƙafa 1,000.

Yara Da Albarushi

Ran 4 ga Oktoba, 1957, Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Dunƙulen ƙarfe ne kamar masakai biyu an haɗa bakinsu, nauyinsa kilo 83 da ɗoriya, yana kewaya duniya cikin minti 96. Hankalin Amurka ya tashi, don an riga ta. Gwamnatinta ta shiga gaggawa, har gaggawar ta iso ƙasarmu. Amurkawa suka jera tashoshi kewaye da duniya don magana da 'yan sama jannatinsu, ɗaya daga ciki a Kano. Ran 20 ga Fabrairu, 1962, sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau 3, ya yi magana da tashar Kano, har ya gaya musu yana hangen ƙura a ƙasa. Ba abin mamaki ba ne, lokacin hunturu ne.

Mu koma ga yaran Amurka. Tun kafin Sputnik waɗansu sun fara gwada yin roka, bayansa kuwa abin ya zama ruwan dare. Ko wane yaro so ya ke ya harba tasa. Ba inda a ke sayar da injin roka, sai yaro ya sami bututun ƙarfe, ya haɗa magungunan da ya samu, ya ɗura, a ɗakin ajiya na gidansu, iyaye ba su sani ba. Ga abin da shi ma bai sani ba. Tsakanin roka da bam ba nisa. In hudar ta toshe, ko ta yi ƙanƙanta, ko abin ya kama gaba ɗaya maimakon ya ci daga gefe guda, hayaƙi ya rasa hanya. Mun ce rufe albarushi ba ya kashe shi. Sai bututun ya tarwatse, ƙarfen ya watsu kamar harsashi. Sau da yawa ma tun yaro yana cikin ɗurawa abin ke fashewa, bututu na hannunsa, fuskarsa na bisa. Yara da yawa suka rasa yatsu, waɗansu idanu, waɗansu rai.

Akwai wani yaro, Homer Hickam, a Coalwood, garin masu haƙar kwal a jihar Bajiniya ta Yamma. Shekararsa 14 sa'ad da ya ga Sputnik ya gilma a sama da dare. Rokarsa ta farko ba ta tashi ba, shingen lambun uwarsa ne ya tashi. Shi da abokansa suka nace. Malamarsu ta samo musu littafi, suka koyi lissafin da abin ke bukata, har suka ci lambar zinariya a gasar kimiyya ta ƙasa a 1960. Daga baya ya zama injiniya a hukumar NASA, ya rubuta labarinsu a littafi a 1998. A kan so ba da labarinsa don ya ƙare da daɗi. Mu dai a ganinmu Allah ne ya rufa musu asiri. Waɗanda suka yi irin nasa suka ƙare a asibiti, ba a cika jin labarinsu ba.

Iyaye da malamai da 'yan kwana-kwana suka yi ta kuka. A waɗansu jihohi hukuma ta hana. Amma hanin bai yi magani ba, sai ya kora yara zuwa ɓoye, inda ba babba kusa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun san yaranmu masu wasa da kan ashana lokacin salla don su ji ƙara, mun kuma san abin da bulala ta ke hanawa da abin da ba ta hanawa.

Mai Kantin Takalma

Magani ya fito daga inda ba a zata ba. A garin Norfolk, cikin jihar Nebraska, akwai wani mai sayar da takalma, sunansa Orville Carlisle. Bayan aikin kanti, sha'awarsa ita ce wasan wuta irin na bukukuwa, yana kuwa da lasisin yinsa. Ɗan'uwansa Robert shi kuma ƙananan jiragen sama ya ke ƙerawa. A 1954 suka haɗa kai suka yi wani ɗan inji. Bututun takarda ne mai kauri, an danƙare albarushi kaɗan a ciki, an toshe gindin da yumɓu mai huda. A sa shi cikin rokar kwali a harba, in ta sauko a zare shi a yar, a sa sabo.

Ana nan sai Carlisle ya karanta rubutun wani injiniya, Harry Stine, a kan hatsarin da yara ke shiga. Stine ya yi aiki a White Sands, filin gwajin manyan rokoki na gwamnati, can cikin hamada, aikinsa kuwa kiyaye lafiyar mutane in za a yi harbi. A farkon 1957 Carlisle ya aika masa da samfuri. Stine ya gwada, ya ga abin ya yi. Sai ya zauna ya ɗauki dokokin da a ke bi wajen manyan rokoki, ya mai da su na ƙanana. A wannan shekara suka kafa ƙungiyar masu wasan roka, wadda har yanzu tana nan, a kan kira ta NAR a taƙaice.

Ku lura da hikimarsu. Sun raba wasan gida biyu. Sashen da ke kisa, watau haɗa albarushi da ɗura shi, suka ɗauke shi daga hannun yaro suka ba masana'anta. Sashen da ke koyarwa, watau awo da yanka da manni da lissafi da harbi, suka bar masa. Ba a ce wa yaro bari ba, aka ce masa ga yadda a ke yi.

Saura a sami inji da yawa, masu araha, ko wane daidai da ɗan'uwansa. Wani matashi a birnin Denver, Vernon Estes, wanda iyayensa ke sayar da kayan wasan wuta, ya ƙera na'ura, ya sa mata suna Mabel. Tana fid da inji ɗaya ko wane sakan biyar da rabi. Ya kafa kamfaninsa a 1958, a 1961 ya ƙaura da shi Penrose, wani ƙaramin gari a jihar Kolorado inda akwai fili. Ta gidan waya su ke ciniki a lokacin. Yaro ya karanta littafin kaya, ya rubuta wasiƙa, ya sa kuɗi, kaya su iske shi a gida. Littafin kayan na farko, matar Estes ce ta ɗinke shi da keken ɗinkinta.

Jikin Roka

Gangar jikin bututun kwali ne. A sama akwai hula mai tsini, ta roba ko ta itace mara nauyi. Ba a manne ta, cusa ta a ke yi don ta iya fita, amma an ɗaure ta da jikin da igiyar roba. A ciki akwai laima ta leda a naɗe. A gindi fikafikai 3 ko 4, na wani itace da a ke kira balsa, wanda ya kusa totuwa rashin nauyi. A gefe an manna ɗan guntun bututu siriri, za mu ga amfaninsa. Ba a sa ƙarfe a hula, ko a jiki, ko a fikafikai. In ta faɗo, kwali lanƙwashewa ya ke yi.

Abin da ya fi wuya shi ne a sa ta tafi sak. Ku dubi kibiyar maharbi. Kanta ƙarfe ne mai nauyi, bayanta kyauro ne mara nauyi. Ko ta karkace, iska ta kan kama bayan ta mai da shi, kai ya ci gaba da zama a gaba. Waɗansu al'ummai su kan ƙara gashin tsuntsu a gindin kibiya don iska ta sami abin kamawa. Fikafikan roka aikin gashin nan su ke yi. Ba ɗaga ta su ke yi ba kamar na tsuntsu, saita ta su ke yi. Ƙa'idar dai ita ce nauyi a gaba, makamar iska a baya. Ga shi kuwa inji, wanda ya fi kome nauyi a jikinta, a gindi ya ke. Don haka tilas a gwada kafin a harba.

Gwajin ba wuya. A sa sabon inji, a aza roka bisa yatsa, a nemi inda ta ke tsayawa ba ta rinjaya ko ina ba. A ɗaura igiya daidai nan, a wulwula ta bisa kai kamar majajjawa. In hula ta juya ta fuskanci inda a ke tafiya, to, ta yi. In da baya ta ke tafiya, ko tana wulkitawa, sai a ƙara ɗan nauyi cikin hula, ko a ƙara girman fikafikai, a sake. Wadda aka harba ba ta ci gwajin nan ba ta kan yi ta katantanwa a sama, ta komo kan 'yan kallo da wutarta.

Karatun Inji

Injin da aka fi amfani da shi tsawonsa inci 2¾ ne, kaurinsa kamar babban yatsa. Hawa uku ne a cikinsa. Na ƙasa shi ne albarushin tashi. Yana ƙonewa da sauri, ko sakan 2 ba ya cikawa, amma in injin mai ƙarfi ne, cikin ɗan lokacin nan ƙaramar roka ta kan wuce gudun mil 200 a sa'a. Na tsakiya yana ci a hankali, ba ya turi, sai hayaƙi don a ga inda ta ke. Roka tana ta hawa da sauran gudunta, kamar keken da aka bar tuƙawa. Na sama ɗan kaɗan ne, shi kuwa gaba ya ke bugawa, cikin bututu, ya tunkuɗe hula, laima ta fito ta buɗe. A kan cusa wata takarda wadda ba ta cin wuta tsakanin inji da laima, in ba haka ba laimar ta narke.

A jikin ko wane inji an buga harafi ɗaya da lamba biyu, misali C6-5. Wanda bai iya karanta su ba bai isa ya yi wasan nan ba, ko da ya fi kowa hannu.

Harafin yana nuna jimlar ƙarfin da ke ciki. A, B, C, D, bisa jerin Turanci, babu Ɓ babu Ɗ. Ko wane ya ninka wanda ya riga shi. B biyun A ne. C biyun B ne, watau huɗun A. D takwas ke nan. To, E nawa ne? Ku lissafa da kanku.

Lamba ta farko tana nuna ƙarfin turin. Ma'aunin, sunan Newton aka sa masa. Newton ɗaya kamar nauyin giram 100 ne a tafin hannu, 6 kuwa ya ɗara rabin kilo kaɗan. Kamar ba yawa, amma ku tuna abin da a ke turawa bai fi ƙwai nauyi ba.

Lamba ta ƙarshe tana nuna sakan nawa hawan tsakiya zai ci kafin laima ta fita. Nan ne a ke yin ɓarna. Ana sayar da C6-3, da C6-5, da C6-7. Ƙarfinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Roka mai nauyi ba ta daɗewa tana hawa, saboda haka 3 ta ke so. In aka sa mata 7, za ta kai iyakar hawanta, ta juyo da ka, wataƙila ta caki ƙasa tun laima ba ta fita ba. Siririya mara nauyi kuwa 7 ta ke so. In aka sa mata 3, laima ta fito tana tsakiyar gudu, iska ta yage ta, ko igiya ta tsinke. Aikin mako guda ya lalace a kan lamba ɗaya. Abin da a ke nema shi ne laima ta fita daidai lokacin da roka ta gaji, ta tsaya cik kafin ta juyo.

Akwai kuma C6-0, wanda ba shi da jira ko kaɗan. Na roka mai hawa biyu ne. Injin ƙasa ya ƙare, nan take ya kunna na sama, hawan ƙasa ya rabu ya faɗo, na sama ya ci gaba ba tare da kayan banza ba. Haka manyan rokoki su ke yi. Wadda ta kai mutane duniyar wata a 1969 hawa uku gare ta.

Ranar Harbi

Ba a kunna roka da ashana. Wata siririyar waya a ke cusawa cikin hudar, a haɗa ta da doguwar waya zuwa batir. In an danna, lantarki ya sa siririyar ta yi ja, ta kunna albarushi. Akwatin harbin yana da mabuɗi. Mai roka ya kan zare shi ya riƙe a hannunsa duk lokacin da ya ke kusa da ita, don kada wani mai ƙaiƙayin hannu ya danna. Roka kuwa tana zaune jikin wata sandar ƙarfe mai tsawon ƙafa 3, an zura sandar cikin ɗan bututun nan na gefe. Sanda ce ke riƙe ta sak har ta yi gudun da fikafikai za su fara aiki.

Dokokin ƙungiyar ba su da yawa, shafi ɗaya ya ɗauke su. Kowa ya ja da baya ƙafa 15 in injin bai wuce D ba, ƙafa 30 in ya wuce. A yi ƙidaya da ƙarfi, daga sama zuwa ƙasa, don kowa ya san za ta tashi. In an danna ba ta tashi ba, a zare mabuɗi, a jira sakan 60 kafin a matsa. Muna tsammani wannan ce dokar da ta fi yi wa yaro wuya, gama minti ɗaya a wurinsa kamar yini ne. Amma wuta ta kan yi kwanto. Ba a harbi in gudun iska ya wuce mil 20 a sa'a, ba a harbawa cikin gajimare ko kusa da jirgin sama, ba a kuma auna kome da ita. Fili ma da awonsa. Injin A yana son ƙafa 100 ko wane gefe, C kuwa 400. A share busasshiyar ciyawa kewaye da sanda. In roka ta maƙale a wayar lantarki ko a kan dogon itace, an bar ta ke nan, kome kyanta. Nauyin roka kada ya wuce kilo ɗaya da rabi, abin ƙonawa kada ya wuce giram 125. Abin da ya fi haka ya shiga wani aji, sai an gwada mutum an ba shi takardar shaida.

Ƙungiyar ta ce an yi harbi fiye da miliyan 500 tun 1957. Abin da dā a ke yi a ɓoye, yanzu malamai ne ke koyar da shi a aji. Tun 2003 ma a kan yi gasa ta 'yan makarantun Amurka, a yi zagayen ƙarshe a jihar Bajiniya. Ba wanda ya fi nisa ke ci ba. A kan faɗi ƙafa nawa za a kai, da sakan nawa za a yi a sama, wanda ya fi kusa da lissafin shi ya ci. A cikin ko wace roka kuwa akwai ɗanyen ƙwan kaza. In ya sauko da tsaga, an fita daga gasa.

Mu Fa?

Ba mu rubuta wannan don wani ya je ya nemi albarushi ba. Shigo da abin fashewa ko ajiye shi sai da iznin hukuma. A zamanin nan kuwa, wanda aka gani da bututu da albarushi, ba wanda zai tsaya ya ji cewa wasa ya ke yi. Ga kuma rani, ga rufin ciyawa, ga rumbu, ga kara a gona. Duk wanda ya haɗa nasa injin ya shiga sahun yaran nan masu rasa yatsu.

Amma akwai roka wadda ba ta da wuta ko kaɗan, makarantu a ƙasashe da yawa suna koyarwa da ita. A sami gorar roba ta lemo mai gas, gama ita aka yi don ta jure matsi. Ban da kwalba, ban da mai tsaga. A manna fikafikan kwali wajen bakinta, don bakin ne zai zama gindi. A ɗaya gefen a yi mata hular kwali da ɗan yumɓu a ciki, a yi gwajin majajjawa. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku. A toshe bakin da toshiyar roba wadda aka huda aka sa mata bawul na tsohuwar tayar keke. A kife ta tsakanin bulo, hula sama. Babba shi zai riƙe famfon keke, yara su ja da baya, kada kowa ya leƙa ta bisa. Yana bugawa iska tana taruwa, har toshiya ta fice, ruwa ya tsarto ƙasa, gora ta yi sama. Mai famfo dai ya shirya jiƙewa.

Ku gwada ta ba ruwa, ku gwada da rabi, ku gwada kusan cike, ku rubuta abin da kuka gani ko wane karo. In ba ruwa, ba ta da abu mai nauyi da za ta tura. In ta cika, iska ba ta da wurin zama, ga kaya ya yi yawa.

Ta yaya za a san tsawon da ta kai? Mutum ɗaya ya auna ƙafa 100 daga wurin harbi ya tsaya. Ya riƙe kara biyu miƙaƙƙu, an ɗaure su a gefe ɗaya kamar almakashi, mahaɗin kusa da idonsa. Kara ɗaya a kwance, yana nuna wajen bulo. Ɗayan kuwa ya bi roka da shi, in ta kai iyaka ya riƙe su kam, kada su motsa. Sa'an nan ya aza su a ƙasa, ya ja layi biyu a rairayi bisa yadda suka buɗe, ya tsawaita su. A layin karan kwance ya auna ƙafa 10. Daga nan ya ja layi na uku, mai gicciye shi sosai kamar bango da daɓe, har ya taɓa ɗaya layin. Ya auna na ukun. Ko wace ƙafa ɗaya a rairayi ƙafa 10 ce a sama. In ya sami 8, roka ta kai ƙafa 80, sai ya ƙara tsawon kansa. Awon ya fi daidai ran da ba iska, sa'ad da gora ta tashi sak. Kafin ranar harbi ku fara gwada shi a kan rimi ko hasumiyar masallaci, tun da su ba sa motsi.